Shekara Uku da Aka Rage wa Fiddausi

Gummi, Litinin, 13 ga Satumba, 2021

Abdulƙadir,

"Yaya, kafin a yanka ragon layya zan je kotu in gyara takardar Fiddausi. Ki riƙe ni da wannan magana." Haka ka ce mini a waya cikin azumi, har ka ƙara da in sha Allahu sau biyu. To na riƙe ka. An yanka ragon, an soya, an cinye, ko kitsen da na adana a gwangwani ya ƙare. Takardar tana nan yadda take.

Yanzu bari in yi sallama, tunda Inna ba ta haifi marar tarbiyya ba. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da matarka Kulsum da ciwon ƙafarta, da ɗalibanka. Mu nan lafiya lau, sai hawan jinina, wanda kai ne rabinsa. Gero ya nuna, ruwa ya fara ja da baya. Tun da aka rufe layukan waya a jihar nan na san ka samu hutu daga gare ni. Hutun ya ƙare. Makau direba yana bi ta Bukkuyum ya shiga Anka duk sati, kuma na ce masa kada ya miƙa wa kowa wannan sai hannunka. Waya kana iya cewa ba ta shigo ba. Takarda sai dai ka ce ba ka iya karatu ba, kuma ni na koya maka boko.

Zan tuna maka abin daga farko, don kada ka ce ba ka gane ba.

Ɗiyarka tana da shekara goma sha takwas. Goma sha ɗaya daga ciki a ɗakina ta yi su, tun da ka kawo mini ita daga Duza bayan ciwon gubar dalma, kanta ya fi jikinta girma. Ni na sa ta makaranta da shekarar haihuwarta ta gaskiya, 2003, kuma ita ce a kan sakamakon jarrabawarta. Kai kuma ka yi mata takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa a Anka da 2006, shekarar da ke kan katin asibitinta. Na san dalili: likitocin da suka zo 'yan ƙasa da shekara biyar suke ba magani, ita kuma tana da bakwai, sai ka rage. Ban taɓa zarginka a kan wannan ba. Da ni ce, da shekara biyu zan ce.

Shekarar farko ta nemi makarantar koyon jinya, makinta bai kai ba. Wannan ƙin na gaskiya ne, kuma na gaya mata haka. Ta yi kuka kwana biyu, rana ta uku na ajiye mata littattafanta a kan tabarma na ce, "Kuka ba ya cikin jarrabawar." Bara ta ci, har ta zo ta shida. Muka je tantancewa, ta goge farin hijabinta tun ana jibi. Matar da ke duba takardu ta jera su a tebur, ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce, "Ke ce kika gama sakandare kina shekara goma sha uku? To ai likita ya kamata ki nema, ba jinya ba." Layi duka ya yi dariya. Na ce, "Hajiya, kuskure ne." Ta ce, "Kuskuren yana da uba?" Na ce yana da. Ta ce, "To ya je kotu ya rantse a kan ta gaskiyar, ku dawo baɗi."

Cikin bazara wani mai ƙaramin asibiti a Bukkuyum ya nemi mai taimaka wa mata masu awo. Fiddausi ta shiga mota ita kaɗai ta je. Ya dubi katinta ya ce ba ya ɗaukar 'yar shekara goma sha biyar, kada a ce ya sa yara aiki. Ta dawo da la'asar, ta cire takalmi, ta ce, "Goggo, yau kuma na yi ƙanƙanta." Ta yi dariya. Ni ce ban yi ba.

Bana ta sake ci. Za a rufe tantancewa ranar Juma'a, 22 ga Oktoba. Magatakardan kotu ya ce in uba yana da rai, shi ne mai rantsuwa. Kana da rai, Abdulƙadir? Makau ya ce ya gan ka a kasuwa kana taya albasa.

Kafin ka fara rubuta mini wa'azin haƙuri, juya takardar nan ka karanta bayanta. Wasiƙar da jami'a ta ce ba ta ɗauke ni ba ce, karo na uku. Guda huɗu gare ni, ina ajiye da su a cikin tsohon gwangwanin alawa. A na biyar suka gaji suka ɗauke ni, ina da shekara talatin da tara, ina zama aji ɗaya da yaran da na koya wa ABCD. Na san haƙuri fiye da yadda ka san shi a littafi. Amma ni ƙofa ce aka rufe mini ina ta bugawa. Ita ɗiyarka, mabuɗin yana aljihun ubanta.

Yayarka,
Turai

Anka, Lahadi, 19 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Turai,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Takardarki ta iso, kuma na karanta gaba da baya kamar yadda kika umarta. Muna lafiya. Ƙafar Kulsum da sauƙi, tana takawa har bakin rijiya. Ta ce in gaishe ki, in kuma ce ki rage gishiri da faɗa. Gishirin ne nata, faɗan ni na ƙara.

Albasar da Makau ya gani ban saya ba, ta yi tsada.

Yaya, ban musanta alkawarin ba. Na yi shi, kuma ina nufinsa lokacin da na yi. Sau biyu na sa riga na kama hanyar kotu. Na farko na kai har gindin dalbejiyar da masu buga takardu suke zama, na tsaya, na dawo. Na biyu ban wuce masallaci ba.

Ke kin ɗauka layi ɗaya ne za a goge a rubuta wani. A wurina ba haka ba ne. Akwai abin da in na goge shi, ba ni da sauran inda zan same shi. Ki yi mini uzuri, ban iya faɗinsa yadda kike iya faɗin abu ba.

Ki gaishe mini da Fiddausi. Ki ce mata na ji ta sake ci, kuma na yi sujada. In tana gajiya da wannan kai da komo, ki turo ta ta huta a gida kwana biyu. Gwandar da ta shuka a bayan ɗaki zuwanta na ƙarshe ta yi 'ya'ya, uwarta ta hana kowa taɓawa. Shekara biyu ke nan ban ji muryarta a tsakar gidan nan ba, ke kuwa shida, tun rasuwar Inna. Ɗakin Inna yana nan a rufe. Wani lokaci in na wuce sai in ji kamar za ki leƙo ki ce na karkata hula.

Allah Ya zaɓa mata abin da ya fi alheri.

Ƙaninki,
Abdulƙadir

Gummi, Litinin, 27 ga Satumba

Malam Abdulƙadir,

Na ce Malam, tunda na ga shi ne ya rubuto mini, ba ƙanina ba. Assalamu alaikum. Na ji daɗin ƙafar Kulsum. Ka ce mata gishirin na rage.

"Akwai abin da in na goge shi, ba ni da sauran inda zan same shi." Na karanta wannan layin ina tsaye, na zauna na sake karantawa. Na gane. Mutunci ne. Ɗan Malam Shehu, mai ɗalibai arba'in, wanda ake kira raba gado da ɗaurin aure, ba zai tsaya gaban alƙali ya ce ya taɓa faɗin abin da ba haka ba. Masu buga takardu za su ji, kafin azahar Anka ta ji.

To bari in tambaye ka. Tare muka zauna gaban Baba yana karantar da babin lalura, kai a gaba da littafi, ni a bayan ƙofa ina tsinkar zogale, kuma ka san wanda ya fara haddacewa. Wane malami ne zai kama uban da ya rage wa ɗiyarsa shekara don a ba ta magani tana jijjiga a hannunsa? Abin da ka yi a Duza shi ne aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarka, kuma shi kake jin kunya. Abin kunyar shi ne na yanzu.

Sai kuma "ki turo ta ta huta". Huta daga me? Ka san yadda wannan kalmar take aiki a kan 'ya'ya mata. Kwana biyu ya zama wata biyu, Oktoba ta wuce, a ce ai Allah bai nufa ba. Ba zan turo ta ba. Gwanda ta jira.

Bari in ba ka labarin wadda kake cewa ta gaji. Na'urar auna hawan jinina ta zama tata. Duk safiya tsofaffin unguwa suna layi a zaurena, tana ɗaura musu tana rubutawa a littafi, kowa da shafinsa. Habsu mai ƙosai, wadda ke maƙwabtaka da mu, ta ce, "Likita, yau nawa ne?" Fiddausi ta ce, "Iya, ya hau. Kin sake faɗa da surukarki?" Habsu ta ce, "Wannan abin naki har gulma yake ji?" Satin jiya Fiddausi ce ta matsa wa wata mai ciki ta tafi asibiti saboda ƙafarta ta kumbura, kuma da aka je aka ce da ta ƙara kwana biyu da labari ya sha bamban. Yarinyar da makaranta ta mayar sau biyu, mai asibiti ya mayar sau ɗaya.

Na tambaye ta rannan, ina tsefe mata kai, me ya sa jinya, ga koyarwa, ga ɗinki. Ta ce, "Goggo, ban tuna fuskar kowa a asibitin nan ba. Amma na tuna wata mata mai sanyin hannu da take buɗe ƙwayar magani ta zuba a cokali da zuma, ta ce in haɗiye kada in tauna. Ita nake so in zama." Ban san ta tuna komai ba. Kai ka sani?

Ba ta taɓa faɗin mummunar kalma a kanka ba. In Makau ya tsaya a ƙofa ita ke fara fita. Da wasiƙarka ta zo ta ce, "Baba ya ce wani abu a kaina?" Na karanta mata wurin sujada da wurin gwanda. Sauran na ninke.

Ka ambaci ɗakin Inna. Kada ka yi mini wannan. Ka san abin da ya sa ban zo ba: ba na iya shiga gidan in tarar ba ta kan tabarmarta. Ina mafarkin ƙofar nan mai kukan ƙarfe fiye da yadda nake mafarkin mijina, Allah Ya jiƙansa. Amma ba a kan kewata muke magana ba.

Saura kwana ashirin da biyar.

Turai

Gummi, Juma'a, 8 ga Oktoba

Abdulƙadir,

Sallama. Muna lafiya, in ka damu ka sani.

Kwana goma sha ɗaya ba amsa. Makau ma ban gan shi ba, amma motoci ba su ƙare a duniya ba, wanda yake son aiko da takarda yana samun hannu.

Jiya Fiddausi ta wanke farin hijabin ta shanya. Ta koma kan littattafanta. Na tsaya ina kallonsa a kan igiya har ya bushe.

Zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Ka binne ɗiya ɗaya a Duza, wannan hukuncin Allah ne. Ta biyun da ya bar maka kana binne ta da ranta, kuma wannan hukuncinka ne. Na ba wani mai kai buhunan gero wannan, ko ta same ka ko kada ta same ka.

Turai

Anka, Asabar, 2 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Wasiƙarki ta 27 ta iso. Kin yi mini fassarar da ba ita ba ce, amma laifina ne, ni na rubuta rabin magana. Ba mutunci ba ne. Da mutunci ne da na sayar da shi tuntuni, ba shi da tsadar albasa.

Kin ce shekarar da ke kan katin 2006 ce. Ki ɗauko katin ki dubi ranar da watan.

Lokacin da ma'aikatan lafiya suka zo Duza da rajista, kwana tara ke nan da muka binne Khairat. Ke kina Gummi, kin zo gaisuwa kin koma. Ba ki ga layin ba. An shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, kowa da ɗansa a kafaɗa, ana jin injin niƙan dutsen zinare daga bayan gari don har ranar wasu ba su yarda ƙurarsa ce ke kashe yara ba. Wani mai farar riga yana tambaya yana rubutawa. Na gaba da ni ya ce ɗansa shekara shida, aka ce ya koma gefe tukuna. Na ji da kunnena. Fiddausi tana kafaɗata, tun safe ta yi jijjiga sau biyu, idonta yana kafewa irin yadda na ƙanwarta ya yi.

Da aka zo kaina ya ce, "Malam, ranar haihuwa?" Ni ba na riƙe kwanan watan boko, kin sani. Guda ɗaya tak na sani a duniya, don rediyo ya yi ta faɗinsa sati guda kafin ya zo: 29 ga Maris, 2006, ranar da rana ta yi husufi. Ranar da aka haifi Khairat. Muna sallar husufi a fili, gari ya yi duhu da hantsi, kaji suna komawa akurki, aka zo aka ja ni ta baya aka ce Kulsum ta sauka. Shi na ba shi. Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani. Ya rubuta, ya ce mu shiga mota.

Kin san littafin fiƙihun Baba mai bangon fata, wanda yake rubuta haihuwar kowa a ganyen farko da ajami. Kina ciki, ina ciki, Fiddausi tana ciki da hannunsa: Litinin, bakwai ga Muharram, 1424. Ita ce ta ƙarshe. Ya rasu kafin a haifi Khairat, littafin ya dawo hannuna, na ce zan rubuta ta gobe. Shekara huɗu ina cewa gobe. Bayan ta rasu kuma na kasa buɗe ganyen.

Ba ta da hoto. Ba ta shiga makaranta ba. Kabarinta yana cikin ƙananan kaburbura da yawa da aka yi a wata ɗaya, na je bara ban iya rantsewa wanne ne ba. Gidanmu na Duza an kankare ƙasarsa an zubar saboda gubar, har inda take zama tana wasa da gwangwani. Kulsum ba ta kiran sunanta. Duk duniya, wurin da aka rubuta cewa yarinyar nan ta taɓa zuwa shi ne layi ɗaya a katin 'yar'uwarta. Shi ya sa da na je yin takardar haihuwa na bar shi, da na je katin ɗan ƙasa na sake barinsa. Na san ba daidai ba ne. Na ce a raina su biyun suna tafiya tare.

A kotu za a ce in ɗora hannu in ce wannan rana kuskure ce, ba ta kowa ba ce. Shi ne abin da ya tsayar da ni a gindin dalbejiya.

Ban gaya wa kowa wannan ba, har Kulsum. Kada ki karanta wa Fiddausi. Kuma ban ce ta zo don in riƙe ta ba, Yaya. So nake in gan ta kawai.

Abdulƙadir

Gummi, Talata, 12 ga Oktoba

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, kai da Kulsum. Ni ban tashi da ita sosai ba, kuma wannan karon ba kai ne sanadi ba, ni ce.

Wasiƙarka ta 2 ga wata jiya ta iso. Motar Makau ta yi kwana tara a Bukkuyum, ba mai, sannan wani ƙarfe ya karye, takardarka tana cikin aljihun gaban mota tare da goro. Wato lokacin da na zauna na rubuta maka abin da na rubuta ranar Juma'a, amsarka tana kwance a hanya. Na yi addu'a mai geron nan ya yar da ita. Makau ya ce a'a, sun haɗu a Bukkuyum, mutumin ya nuna masa ita a aljihu, ya ce sai zaurenka. To ka yafe mini. Ba na yawan faɗin wannan, ka adana takardar. Na yi shekara ashirin da shida ina koya wa yara kada su amsa tambaya kafin su karanta ta har ƙarshe.

Na ɗauko katin. Na riƙe katin nan sau nawa, na kai shi ofis nawa, na yi masa hoto nawa, idona a kan 2006 kawai, don ita ce ke ba ni haushi. Ranar husufin ina filin makaranta da 'yan aji uku, mun zuba ruwa a baho muna kallon rana a ciki, wata yarinya tana kuka wai an yi tashin ƙiyama ba ta rama azumi ba. Kwana biyu bayan nan saƙonka ya zo. Na zo suna da turmin atamfa shuɗi. Ina tuna ta, Abdulƙadir. Tana da ɗan tabo a bayan kunnen hagu, tana kiran ni Gwaggwo da cika baki, kuma ta taɓa cinye mini rabin alli a jaka. Ba kai kaɗai ka san ta zo ba. Da ka tambaya.

Yanzu ka saurara, don fushina bai tafi ba, wuri ya sauya.

Ka ɗora wa yarinya mai rai gawar ƙanwarta ta yi shekara goma sha ɗaya tana ɗauke da ita daga ofis zuwa ofis, ba ta ma san me take ɗauke da shi ba. An yi mata dariya a layi saboda shi. An ce mata ta yi ƙanƙanta saboda shi. Khairat ta ba yayarta ranar haihuwarta aka yi mata magani da ita, ta rayu. Aikin ranar ya ƙare tun a gindin tsamiya. Katin gwamnati ba wurin ajiye 'ya'yan Malam Shehu ba ne. Wurinsu yana cikin ɗakinka, a kan kanta, cikin bangon fata, kuma akwai sauran fili a ganyen, na san shi, ƙasan sunan Fiddausi akwai wurin layi uku.

Ka ce kada in karanta mata. Ban karanta ba. Na miƙa mata ta karanta da kanta, don takardunta ne, rayuwarta ce, kuma shekararta goma sha takwas ko da katinka bai yarda ba. Ka yi fushi in ka ga dama, ka zo nan ka yi shi. Ta karanta a bakin rijiya. Ta daɗe. Da ta shigo ta ce, "Goggo, ashe shi ya sa duk shekara Baba yake kira na a ƙarshen Maris ya ce ba komai, muryata yake son ji." Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ki ce masa ban ji haushi ba. Amma ina son tawa ranar." Sai ta tafi ta ɗaura wa Habsu abin awo, don layi yana jira.

Na koma wurin magatakarda yau da safe. Na tambaye shi ko dole sai uba ya ce ranar ba ta kowa ba ce. Ya ce shi ba ruwansa da ta wace ce, abin da ake rantsewa a kai shi ne ranar da aka haifi mai takardar. Ka ji? Ba wanda zai sa ka ƙaryata Khairat. Gaskiyar Fiddausi kawai za ka faɗa. Na kuma tambaye shi in uba ya ƙi fa. Ya yi ta juya biro, na ƙi tashi, har ya ce mai riƙo tana iya rantsewa in ta kawo tsohuwar shaida a rubuce. Rubutun Baba shaida ne.

Ga yadda za a yi. Makau zai taso daga Anka ranar Litinin, 18 ga wata, na ce ya bar maka gaban mota. Ka zo da littafin. Ka zo da tawada da alƙalaminka na kara, ba biro ba. Talata Maulidi ne, kotu ba ta zama, sai mu zauna a tsakar gidana mu uku ka buɗe ganyen ka rubuta ta a ƙasan yayarta: Khairat, Laraba, ranar husufi. Ni zan riƙe maka littafin. Laraba da ƙarfe goma mu shiga kotu. Alhamis mu kai takardu. In sun sake mayar da ita saboda wani dalilin, za ta sake nema baɗi, gwangwanina yana da sauran wuri. Amma ba za a sake mayar da ita saboda mu ba.

In motar Makau ta tsaya a ƙofata ranar Litinin ba ka ciki, ba zan sake rubuto maka ba. Talata da sassafe zan shiga mota in zo Anka, a kan wannan hanyar da kowa yake tsoro, da hawan jinina. Zan shiga ɗakinka ko kana da baƙi, in sauko da littafin Baba, in rubuta Khairat da hannuna. Ka san ajamina, Baba yana cewa kamar kaza ta taka tawada, kuma haka zai zauna a ganyen har jikokinka. Sannan in dawo da shi Gummi in rantse ranar Laraba a matsayin wadda ta riƙe ta.

Ko ta wace hanya, Fiddausi za ta shiga layin nan da shekarunta cikakku. Abin da ya rage maka ka zaɓa shi ne hannun da zai rubuta ƙanwarta.

In ka bar ni na zo, ka ce wa Kulsum ta buɗe ɗakin Inna ya sha iska, a nan zan sauka. In kuwa kai ne mai zuwa, ka tsinko gwanda biyu. Mai ita tana tambaya.

Yayarka,
Turai